Hedifon Uku a Teburin Cin Abinci

Zuwa ga Yaya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ya ƙafar, ya jikokin, ya keken ɗinki? Zannuwan gadon sun iso, direba ya kawo su har ƙofa. Na gode, Allah ya ƙara ƙarfin ido.

Tunda kin kafe ba kya ɗaukar waya, ga ni na zauna ina yi miki rubutu kamar 'yar makarantar kwana. Ƙanenki lafiyarsa ƙalau, sai dai kada ki sa ran jin ɗuriyarsa kwanan nan, baƙi gare shi. Su uku ne. Yau kwanansu goma sha ɗaya a kan teburinmu na cin abinci, sun cinye rabinsa, mu muna lallaɓawa a gefe da farantanmu.

Hedifon ne, Yaya, irin mai rufe kunne gaba ɗaya. Situdiyon da yake aiki sun gina sabon ɗakin haɗa sauti, za su sayi guda goma iri ɗaya, shi ne suka ba shi samfuri uku ya saurara ya zaɓa musu. Shi ne babban injiniya, shekara ashirin da shida yana gyara muryoyin mutane, an ce kunnensa ba ya kuskure. Ƙarshen wata zai tsaya gaban shugabanninsa da duk abokan aikinsa ya karanta rahoto.

Na raɗa musu suna don in riƙa gane su. Na farko baƙi ne, ba ado, yana matse kai, shi ne Ɗan Sanda. Na biyu kofunansa da ke rufe kunne na katako ne, Mai Katako ke nan. Na ukun Ranka-ya-daɗe: a akwati mai makulli ya zo, da farar safar hannu ta ɗaukarsa. Kuɗinsa zai sayi motata har a cika mata tanki.

Kullum in ya dawo aiki sai ya wanke hannu, ya zauna, ya rufe ido, ya kunna abin gwajinsa. Shi ya ɗauki abinsa tun kafin aurenmu, da makirfo ɗaya, minti uku ne kacal: wata mata tana karanta labarai, sai cokali yana juyawa a kofin gilashi, sai makullai da aka zube a kan tebur. Na haddace labaran nan, Yaya. Na san a inda matar take haɗiye yawu.

In ya gama sai ya yi min bayani, ko ban tambaya ba. Ɗan Sanda, in ji shi, gaskiya gare shi amma ba tausayi. Mai Katako akwai ɗumi, kamar ɗaki mai labule. Ranka-ya-daɗe kuwa yana buɗe fili, har ka ji girman ɗakin da matar take zaune. Ni da nake koyar da ƙididdiga na tambaye shi da wane ma'auni ake auna ɗumi. Ya dube ni da tausayi, irin kallon da ake yi wa wanda ya yi karatu da yawa bai amfana ba.

To ga inda matsalar take. Ya ce duka ukun suna da lahani, kuma duk a kofin hagu. Makullan nan a dama suna ƙara ras, a hagu kamar an naɗe su a tsumma. Ya sauya wayar hedifon, ya sauya amfilifaya mai ƙara ƙarfin sauti, ya kira mai gyaran wuta ya buɗe mana soket uku. Yanzu ya fara rubuta rahoto mai zafi, wai kamfanonin zamani sun daina mutunta kunnen mutane, a mayar musu da kayansu duka.

Ni dai na gaji. Hedifon ɗin ma da sauƙi. Ranar Talata muna cin abinci na ce masa an ba ni shugabancin sashenmu, abin da na yi shekara shida ina jira. Ya ci gaba da tauna. Can ya ɗago ya ce in miƙo masa ruwa. Na miƙa masa. Ban maimaita ba, har yau bai sani ba. Mutumin da yake jin haɗiyar yawun wata mata da aka ɗauka shekara ashirin da suka wuce, tasa matar tana magana a gefensa bai ji ba. Ba faɗa muke ba, kada ki ɗaga hankalinki. Mun wuce nan. Na dai fara ƙirga maganganun da na fasa yi masa, sana'a ta bi jiki, jiya na kai goma sha huɗu.

A gaida mutanen gida. Allah ya bar mana ke.

Matar ƙanenki

*

Amarya,

Wa alaikumus salam. Lafiya lau muke, ƙafa da sauƙi, jikoki suna nan suna kwance min zare. Ina taya ki murnar muƙami, Allah ya taya ki riƙo. Kin ga ni da nake nesa na riga mai gidan sani.

Shekara goma sha tara kina gidanmu amma har yanzu in kin yi fushi sai kin sa masa lamba. Goma sha huɗu! Ajiye lissafin nan ki amsa min tambayoyi, kuma kada ki yi min dogon turanci.

A teburin nan, ta wane gefensa kike zama?

In kika kira shi daga kicin, yana amsawa, ko kuwa sai ya waiga ta inda ba ke ba?

In ana hira da baƙi da yawa, yana sa baki kamar da, ko ya koma murmushi da gyaɗa kai?

Waya fa, a wane kunne yake kara ta? Tun da can a nan yake karawa?

Ki lura kwana uku ki rubuto min. Kada ki ce masa komai tukuna. Kuma wannan rahoto, in da hali ki ɓatar masa da biro.

Na sa wa direba tsummokaran goge-goge guda shida, ragowar atamfa ne, kada ki ga kyansu ki adana.

Yayarku

*

Zuwa ga Yaya,

Assalamu alaikum, da fatan wannan ta same ki cikin ƙoshin lafiya. Tsummokaran sun iso, na riga na adana biyu.

Ga amsoshinki, ba turanci. Ta hagunsa nake zama, tun ranar da aka kawo teburin, don nan ne kusa da ƙofar kicin. In na kira shi yana waigawa taga. Ranar Juma'a abokansa sun zo, ya yi awa biyu yana murmushi kamar ango, aka ba da labarin rasuwar wani ya ci gaba da murmushin sai da na taka masa ƙafa. Waya a dama yake kara ta, da hannun hagu, ya sanƙamo hannun ta gaban wuyansa. Da ba haka yake yi ba. Na tuna sarai, don da dama yake rubutu in yana waya.

Ban ji daɗin kaina ba, Yaya. Ni ce mai koya wa ɗalibai cewa in abu uku daga kamfani uku suka nuna lahani ɗaya a wuri ɗaya, to ka bar zargin abubuwan, ka duba abin da kake aunawa da shi. Wannan darasin makon farko ne. Sati biyu yana gabana a kan tebur, ni ina can ina ƙirga laifuffuka.

Na yi ɗan gwaji. Jiya na ɗauki farantina na koma damansa, na ce rana ce take dukan idona. Na yi magana ƙasa-ƙasa, na ce gishiri ya yi yawa a miyar. Nan take ya ce a'a, daidai ne. Na koma kicin na tsaya gaban famfo na ɗan jima.

Abin da ya sa nake gaggawar rubuto miki shi ne Mataimakinsa ya zo ranar Asabar. Kin san shi, mai furfurar gemun nan da ya yi shekara goma sha biyar a ƙarƙashinsa. Ƙanenki ya zaunar da shi, ya ɗora masa Ranka-ya-daɗe da safar hannu da komai, ya kunna makullan.

"Ka ji hagun?" in ji shi.

Mataimaki ya saurara har ƙarshe, ya cire, ya goge kofunan da hannun rigarsa. Ya ce, "Oga, kunnena bai kai naka ba."

"Amma ka ji ya dushe?"

"Wataƙila sai na ƙara saurara."

Da na raka shi bakin mota ya daɗe yana neman makullinsa alhali yana hannunsa. Sannan ya ce min wata uku ke nan duk aikin da Oga ya haɗa yana fitowa hagu ya fi ƙarfi, shi yake tsayawa bayan an tashi ya daidaita, bai gaya wa kowa ba. Ya ce, "Hajiya, aiki zan iya gyarawa a ɓoye. Rahoto kuwa a gaban mutum ashirin zai karanta shi, kuma akwai waɗanda suka daɗe suna jiran kujerarsa. Za su sa na'ura su auna a wurin." Ya roƙe ni kada in ce shi ya faɗa. Kowa yana roƙona kada in faɗa.

Saura kwana tara. Na san yadda zan tabbatar masa: in juya hedifon ɗin, kofin hagu ya koma kunnen dama. Abin gwajin nasa da makirfo ɗaya aka ɗauka, sauti ɗaya ne yake zuwa kowane ɓangare. In lahanin na kofi ne zai bi kofin ya koma dama. In ya tsaya a hagu, shi ke nan. Minti uku ya isa. Abin da ban sani ba shi ne wane mutum zai tashi daga kujerar bayan minti ukun. Ba shi da wasan ƙwallo, ba shi da majalisa, ba shi da gona. Kunnen nan shi ne duk abin da ya tara.

Kuma ke, Yaya, daga ina kika samo tambayoyin nan? Tela ce ke, ba likita ba.

Ki huta lafiya. Ina jiran direba.

Matar ƙanenki

*

Amarya,

Sallama da gaisuwa. Na karanta takardarki sau biyu, na ajiye ɗinki.

Kin tambaya, to bari in gaya miki abin da ban taɓa gaya wa kowa ba sai marigayi mijina. Babanmu yana da arba'in da bakwai kunnensa na hagu ya fara tafiya, na dama ya bi baya a hankali. Mijinki yana firamare lokacin, shi abin da ya sani Baba mutum ne mai faɗa wanda ba ya son hira. Ba haka yake ba. Mai ban dariya ne, ji ne ya daina, ya ga gara a ce masa mai zafin rai da a ce masa kurma. Haka ya rasu.

Ni kuma tawa ta same ni ina da arba'in da biyar. Kuna ta cewa Yaya 'yar gargajiya ce, ba ta son waya, wai tana sa ta ciwon kai. Ni na ƙirƙiro ciwon kan. Shekara goma sha ɗaya ke nan ba na gane magana a waya. Bakin mutum nake kallo. In mai kawo ɗinki ta juya baya tana bayani, sai in ce ta rubuta min awo da duk abin da take so, wai don kada a yi musu. Jikata ta fari da ta fara magana kowa yana dariya yana maimaitawa, ni ma na yi dariya. Har yau ban san me ta ce ba. An taɓa kai ni asibiti aka nuna min ɗan abin da ake maƙalawa a kunne, na ce Allah ya kiyaye a gan ni da shi. Girman kai ne, ba wani abu ba, kuma a gidanmu gado ne kamar kunnen.

Yanzu ki saurare ni da kyau. Kina tsammanin mutumin da ya yi shekara ashirin da shida a wannan aiki sai malamar lissafi ta koya masa juya hedifon? Ya sauya waya, ya fasa soket, ya kira mai wuta, abu ɗaya ne bai yi ba, wanda ya fi kowanne sauƙi. Ya sani, Amarya. Tsoro yake ji, shi ya sa yake zagin kamfani. Ni ma na yi shekara biyu ina cewa mutanen yanzu ba sa buɗe baki in suna magana.

Ki yi gwajinki. A gida, ke da shi, ƙofa a rufe. Gara ya ji daga gare ki da ya ji daga na'ura a gaban masu jiran kujerarsa. In ya yi fushi ki bar shi ya yi. In ta kama ki nuna masa wannan takarda, na yafe sirrin, na gaji da riƙonsa.

Kuma maganganun nan goma sha huɗu, ki koma damansa ki faɗe su ɗaya bayan ɗaya. Ba ƙin ji ya yi ba.

Allah ya ba ki sa'a.

Yayarku

*

Zuwa ga Yaya,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, gaisuwar da ta fi ta kullum. Na tuna duk lokutan da na yi miki magana ina wanke-wanke na ba ki baya, kika ce min "haka ne". Ki yafe ni. Ni da ake cewa ba abin da yake wuce idona.

Na yi ranar Lahadi da la'asar. Na ce masa ina son in taya shi aikin rahoto, a yi gwaji irin namu na jami'a: ya rufe ido, ni in ɗora masa hedifon, ya faɗi wanne ne ba tare da ya gani ba. Abin ya yi masa daɗi. Ya ce yau zan ga bambancin kunne da takardar digiri.

Na ɗaure masa ido da ɗaya daga cikin tsummokaranki. Na ɗora na farko daidai, kafin matar ta gama gaisuwa ya ce Ɗan Sanda. Na biyu ya ce Mai Katako, har da ɗan murmushi. Bai yi kuskure ba, Yaya, ko sau ɗaya, na jujjuya su sau tara. Ya iya aikinsa. Ban taɓa tsayawa na kalla ba sai ranar.

A na goma na ɗauki Mai Katako na juya shi, na ɗora. Ban kai ga kunnawa ba ya kai hannu ya taɓa kafaɗarsa.

Ya ce, "Kin juya shi."

Na ce, "Na juya."

"Wayar tana kafaɗata ta dama. Shekara ashirin da shida a hagu take sauka."

Duk dabarar da na kwana uku ina shiryawa, ban tuna da waya ba. Na tsaya da yatsana a kan maɓalli. Na zaci zai cire ya tashi. Bai cire ba, bai kuma kwance tsumman ba. Ya gyara zama, ya ɗora hannuwansa biyu a kan tebur.

Ya ce, "Kunna."

Matar ta karanta labaranta, ta haɗiye yawunta. Cokali ya juya. Makullai suka zube. Ya ce in mayar baya, na mayar. Sau uku. Sannan ya cire hedifon ɗin da hannu biyu, a hankali, ya ajiye, idonsa a ɗaure har yanzu.

Ya ce, "Ashe lafiyarsu ƙalau. Duka ukun."

Na zagayo damansa na zauna. Na kwance masa tsumman, na ba shi takardarki. Ya karanta, da ya zo wajen Baba ya tsaya, ya koma farkon sakin layin. Ya ce yana tuna ranar da ya ci na ɗaya a aji ya sheƙo da gudu ya gaya wa Baba, Baba ya ce masa ya rufe ƙofa ƙuda na shiga. Shekara arba'in yana riƙe da wannan.

Sai na ce masa an ba ni shugabancin sashe. Ya ce yaushe? Na ce sati uku ke nan, na gaya maka, ka ce in miƙo ruwa. Ya rufe fuskarsa da hannu. Ban san ko dariya yake ko wani abu ba, ina jin shi ma bai sani ba. Can ya ce, "Saura nawa?" Na ce goma sha uku. Ya ce in kawo su. Yawancinsu da na faɗe su da ƙarfi ba su da wani nauyi, ɗaya ma a kan famfon bayan gida ne.

Ba zan ce miki komai ya daidaita ba. Kwana biyu bai taɓa hedifon ba, bai kuma ci abincin kirki ba. Jiya ya yaga rahoton ya zauna da farar takarda har aka kira magariba bai rubuta ko kalma ba. Ban san me zai ce musu jibi ba, ban kuma tambaya ba. Teburin dai na juya shi, yanzu damansa ce take kallon ƙofar kicin. Ni ma na gaji, amma irin gajiyar da ake iya barci da ita.

Ya karɓi takardarki bai dawo min da ita ba.

Allah ya saka miki da alheri.

Matar ƙanenki

*

Yaya,

Assalamu alaikum. Ni ne. Rabona da rubuta wasiƙa tun ina makaranta, ki yi haƙuri da rubutun.

Na kai rahoto. Na ce su sayi Mai Katako. Na gaya musu da kunne ɗaya na zaɓa, na kuma ce daga yau Mataimakina ne zai riƙa sa hannu a aikin ƙarshe, tunda dama shi yake yi. Ba wanda ya yi magana. Ko kuma sun yi ta hagu. Abin da za su yanke a kaina sai wata mai zuwa.

Na karɓi lamba a wajen likitan kunne, ranar Alhamis ƙarfe goma na safe. Lamba biyu na karɓa. Zan zo da mota ƙarfe bakwai, ki shirya, ki rufe keken nan.

Kada ki ce ba ki ji ba. A rubuce yake.

Ƙanenki